Farar Motar da Ba a Turawa

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa gari, lokacin gwamnanmu soja ne, na ƙudurta a raina sai na mallaki mota mai kujera biyu marar rufi. Laifin ƙananan littattafan soyayyar nan ne da ake kasawa a ƙasa a bakin kasuwa. A cikinsu saurayi ba ya zuwa zance a kan keke. Da mota yake zuwa, iska na kaɗa masa riga, ya sa hannu ya canja giya, budurwa ta ji ƙarar tun daga cikin gida zuciyarta ta buga. Na karanta irin wannan sau ba adadi a shagon yadin mahaifina a Ƙofar Atiku, ina auna wa mutane shadda ina mafarki.

Budurwar da nake so kuwa tana Ƙofar Dundaye, tana karatun koyarwa. Mahaifinta babban ɗan kasuwar hatsi ne, dattijo mai ƙarancin magana. Baffannina sun je sun nema mini aurenta, ya ce a ba shi lokaci ya duba halina. Wata biyu ke nan muna jira, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A cikin wannan jiran ne wani dillali ya kawo motoci biyu daga Ikko, ya ajiye su a garejin wani bakanike a Tudun Wada. Ƙirarsu ɗaya, ƙanana, kamar sun kwanta a ƙasa. Ɗaya ja, ɗaya fara. Jar mai giyar hannu ce. Farar kuwa otomatik, ba ta da kuloci, ita ke canja wa kanta giya. Cinikin yadi ya yi albarka a shekarar, mahaifina ya ce in zaɓi ɗaya, ko da yake a ganinsa motar da ba ta ɗaukar ko bandir uku na yadi ba mota ba ce.

Bakaniken mutum ne mai furfura, ya daɗe yana kwance injin. Ya dafa jar ya ce, "Ɗan Alhaji, ɗauki wagga. In ta ƙi tashi, mutum huɗu sun ishe ka, a tura, ka saki kuloci, ka wuce. Waccan kuwa ko dukan Sakkwato ta taru bayanta, ba ta tashi da turi."

Ban ma buƙaci lallashi ba. Jar ce motar da ke cikin littattafaina. Na karɓi makulli don gwaji, kuma ba sai an tambaye ni inda na nufa ba.

Sai dai akwai abin da ban lissafa ba. Kafin a yi canjin hannun tuƙi a ƙasar nan, sitiyarin motocinmu a dama yake, direba ya canja giya da hagu, damarsa tana taga yana gai da jama'a. Sababbin motoci kuwa sitiyari ya koma hagu, giya ta koma hannun dama. Zauren mahaifinta yana daidai wata kwana mai tsauri, inda shi da abokansa suke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Na iso kwanar, na taka kuloci, damata tana kan giya ina neman ta biyu. Na ɗaga kai sai ga dattawa biyar suna kallona, babu rufin da zai ɓoye ni. Kafin in yi tunani hannuna na hagu ya saki sitiyari ya tashi sama. Da shi na gaishe su. Na wuce da ƙara, ina jin daɗin kaina.

Washegari da na je zance, ta fito tana danne dariya da bakin mayafi.

"Sannu da zuwa, mai gaisuwar hagu."

"Wa ya faɗa miki?"

"Wa bai faɗa ba? Tela ya faɗa, mai shayi ya faɗa, Inna ta ji a gidan suna."

"Baba fa, mi ya ce?"

Dariyar ta ɗauke. "Bai ce komai ba. Da ya yi faɗa da na fi samun kwanciyar hankali."

Na dawo gida a ƙasa, a hankali, ina duban hannuwana kamar na aro su. Kwana biyu ina juya maganar. Jar nake so, har yanzu in na rufe ido ina jin yadda giyarta ke shiga da wani ɗan sauti mai daɗi. Amma a lungunan cikin gari kowace kwana akwai dattijo, kuma kowace kwana tana son giya. Farar ce kaɗai za ta bar mini damata a sake. Na koma Tudun Wada na ce ita nake so.

Bakaniken ya ce, "Don gaisuwa za ka sayi mota?"

"Don gaisuwa."

"To, Allah shi sa albarka. Amma batir ɗinta ya daɗe ajiye, kada ka wahal da shi."

Ranar Talata bayan la'asar na sa farar shadda, na shiga farar mota. Na iso kwanar a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, na ɗaga hannun dama sama sosai, na dunƙule shi, na ce ranku ya daɗe. Biyu suka amsa. Mahaifinta ya bi motar da ido kawai. Na zagaya na tsaya a ƙofar baya, inda muke zance a gindin wata darbejiya, na kashe inji na bar rediyo yana kiɗa don ta ji. Ta zagaya motar sau biyu, ta shafa kujera, ta ce ta yi kama da kwarya sabuwar fafa. Muka yi ta hira, kiɗa na tashi, ganyen darbejiya na zubowa a kan kujerun. A lokacin na ɗauka na shiga littafi.

Da na tashi tafiya na murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas-ƙas. Na sake, shiru.

Mutanen unguwa ba sa jiran a roƙe su. Tela ya bar kekensa na ɗinki, mai shayi ya ajiye buta, wasu masu dakon hatsi uku suka naɗe hannun riga. Na ce musu wannan ba a tura ta. Tela ya ce, "Haba ɗan Alhaji, mun tura tirela ma ta tashi, bare wagga 'yar tsana!" Suka sa kafaɗa. Motar ta gangara lungu sumul, ba ko tari. Suna ihu in saki kuloci, ina ce musu babu kuloci, suna cewa to in saki abin da ke akwai. Numfashinsu ya ƙare daidai kwana, a gaban tabarmar dattawa.

Tela ya hau keke ya tafi kiran bakanike. Ni kuwa ina zaune a sitiyari. Sai na ji muryar mahaifinta, karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye.

"Tun da ƙarhen ya ƙi tahiya, sabko ka zamna."

Na fito, na tuɓe takalma nesa da tabarma, na tsuguna na gaishe su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu. Aka matsa mini wuri a gefe, aka miƙo mini ruwa a moɗa. Wani dattijo mai carbi ya tambaye ni dalilin da mai hankali zai bar motar da ake turawa ya sayi wadda ba a turawa. Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗi gaskiya, tun daga kwana da giya har hannun hagu. Suka yi dariya har mai carbin ya share ƙwalla.

Mahaifinta bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ce, "Ni ban ga hagu ba, ban ga dama ba. Na ga dai mutum ya zo neman ɗiyata, sau biyu yana wuce ni bai tsaya ba."

Ban ɗaga kai ba. Sai ya shiga tambayata. Shaddar da ke jikina ta ina ce, yaya ake gane yadin da zai zuba, ƙafar mahaifina ta yi sauƙi. Na amsa abin da na sani, abin da ban sani ba na ce ban sani ba. Ya ba ni labarin yadda gero ya yi a wajen Rima bana. Inuwar zauren ta miƙe har ta rufe motar, ban ma lura ba.

Bakanike ya iso da batir ɗaure a bayan babur, yana girgiza kai. Cikin ɗan lokaci inji ya tashi. Na sake tsugunawa na yi sallama. Har na sa takalmi ɗaya dattijon ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce wa baffanninka su zo ran Juma'a bayan masallaci."

Shekara tara motar ta yi a hannunmu bayan aurenmu. Duk ranar da muka zo Ƙofar Dundaye, tun kafin mu kai kwanar, uwargida take taɓa mini hannu, ko da yake ta san na riga na taka birki.