Nedyalka, Wadda Ta Sa Mu Zuba Hannu a Aljihu

Kullum da safe, kafin ruwan shayina ya tafasa, Nedyalka Draganova ta riga ta sauka daga bas ta hawo tudun nan namu da ƙafa. Takan karkaɗe takalminta a bakin ƙofa, ta rataye kwat ɗinta mai ruwan toka, sannan ta zauna da wadda ta kwana aiki ta ji yadda aka tashi. Wane jariri ya yi zazzaɓi, wace yarinya ta ƙi zuwa makaranta, wa aka ji yana kuka a banɗaki. Ba ta katse mutum. Idan an gama sai ta jefo tambayar da duk muka tsana: "To, me kika yi mata wanda da za ta iya yi da kanta?"

Gidanmu na wucin gadi ne, a gefen garin Gabrovo. Matasan da suka girma a gidan marayu lokacin fitarsu ya yi, da 'yan matan da suka haihu ba su da wurin zuwa, su muke riƙewa har su tsaya da ƙafarsu. Aikin Nedyalka shi ne kula da ma'aikatan da ke zama da su. Ni Tsonka ce, mai dafa abinci, kuma wanda ke kicin ba abin da ke wuce shi.

An daɗe ana yi wa mutanen garin nan ba'a da rowa, wai mukan datse wa kyanwa wutsiya don a yi saurin rufe ƙofa kada ɗumi ya fita. Nedyalka tata rowar ta murmushi ce. Duk sabuwar ma'aikaciya, ita take ɗinka mata rigar aiki mai manyan aljihuna biyu, ta miƙa mata ta ce, "Idan jariri na kuka uwarsa na ɗakin, hannunki a nan." Doka ta biyu kuma, duk maganar da za ta yi wa yaro ɗaci ita ke kai ta da bakinta. Na taɓa ce mata wannan ai zaluntar kai ne. Ta ce, "Tsonka, dole su sami wanda za su tsana da wanda za su ruga wurinsa. Ku su rugo wurinku. Ni na saba."

Ban gane nauyin maganar ba sai da Ralitsa ta zo. Yarinya ce siririya mai zafin kai, riƙe da jaririyarta Zlatka kamar an ba ta ajiyar kayan wani. Aka haɗa ta da Bilyana, sabuwar ma'aikaciya mai taushin zuciya. Kafin a ce me, Bilyana ce wanka, Bilyana ce goyo, Bilyana ce lallashi, uwa kuwa tana bakin taga tana kallon titi. Su kuma jami'an kula da yara sun riga sun faɗa: za su dawo da bazara, idan uwa ba ta iya riƙe 'yarta ba, za a ba wasu riƙo.

Ina yanka albasa Nedyalka ta kira Bilyana kicin.

"'Yar wa ce Zlatka?"

"Haba, Madam Draganova, yarinyar nan ba ta iya komai ba. In na sake ta, jaririyar ce za ta sha wuya."

"In ba ki sake ta ba, da bazara ke za ki riƙe wa jami'an ƙofa su fita da jaririyar. Daga gobe kin koma wurin samarin da ke saman bene. Share hawayenki, ni zan gaya wa Ralitsa."

Ta je ta gaya mata a ɗakin cin abinci. Ralitsa ta ɗauki kwanon kindirmo ta watsa mata a ƙirji. "Tsohuwar banza! Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba, me kika sani game da ɗa? Mutum ɗaya ke sona a gidan nan, ita kika ɗauke!"

Maganar ta sami wuri, don gaskiya ce. Mijin Nedyalka ya rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma a gidanta ba mai jiran ta sai tukwanen furanni. Ta shigo kicin ta goge rigarta, ta zuba miyar wake, ta zauna a ƙarshen tebur inda take zama kullum ita kaɗai. Ni ce na yi kukan a madadinta.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Zlatka ta yi ta tsala ihu, Ralitsa na kuka tana zagi tana koyon ɗaura zanen jariri. Wata rana da tsakar rana na hau da faranti, na iske Nedyalka tsaye a bayan ƙofar ɗakin Ralitsa, goshinta jingine da bango, hannayenta a aljihu. Ba ta shiga ba. Washegari na gan ta da allura tana ɗinke aljihun, ashe ya yage daga ciki.

Da jami'an suka zo, sun tarar da Ralitsa tana gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, tana yi wa 'yarta waƙa da muryar nan tata mai kaushi. Suka tafi suka bar mata Zlatka. Ralitsa ta rungume Bilyana, ta rungume ni. Nedyalka kuwa ko kallo ba ta samu ba.

Haka abin yake ko ranar sallama. Idan yaro zai bar gida mukan zuba masa ruwa a gabansa a bakin ƙofa, da ganyen zdravets a ciki, wani tsiro mai ƙamshi da ake yi wa mutum fatan lafiya da shi, ya taka ya wuce don hanyarsa ta gudana kamar ruwan. Nedyalka ke cika butar tagulla, ita ke tsinko ganyen, amma sai ta miƙa wa wata ta zuba. Ita tana sama bayan labule.

Ke ce, Nedyalka, kika ɗauki baƙin jini don mu yi farin jini. Katunan gaisuwa na zuwa da sunan Bilyana, da nawa, har da na mai gadi, naki babu, kuma ke kike manna mana su a bango.

Makon jiya ta yi ritaya. Na gasa banitsa, gashin fulawarmu mai cuku a ciki, tire biyu, don mun gayyaci duk waɗanda suka taɓa zama a gidan. Muka jira har ta huce. Mutum ɗaya ta zo: Ralitsa, cikin rigar masana'antar saƙa inda take aiki, riƙe da hannun Zlatka mai jakar makaranta. Ta ƙi shiga. Da Nedyalka ta fito da jakarta, Bilyana ta ɗaga buta, sai Ralitsa ta fizge.

"Kawo nan, ke komai sai kin yi wa mutum."

Ta zuba ruwan a gaban Nedyalka, ta kira ta Lelya, wato goggo, ta ce, "Lelya Neda, kar ki ɗauka na yafe miki."

"Ban ɗauka ba," in ji Nedyalka. Ta dubi Zlatka. "Wa ya yi mata wannan kitson?"

"Ni mana. Wa zai yi?"

Nedyalka ta gyaɗa kai, ta taka ruwan ta gangara tudun ita kaɗai. Ba ta waiwayo ba, amma na ga ta zaro hannu daga aljihu ta kai fuskarta.

Mun gode, Nedyalka. Ku kuma da ke shugabantar masu irin aikin nan, ku koyi tsayawa bayan ƙofa kamar yadda ta tsaya. Sannan ku da kuka taka ruwanta kuka wuce, yau na tona muku asirin wadda take cika butar. Gidanta na bayan tashar bas, mai furanni a taga. Tana nan duk yini, kuma ba wanda ke ƙwanƙwasa mata ƙofa.