Tadarishin Goni

Shekara huɗu na yi a Yerwa ina koyon aikin kafinta. Da na dawo Potiskum, lokacin ana kashe fam da sule, sai na tarar an zauna mini a wuri. Mahaifina baduku ne, rumfarsa tana bakin kasuwa, kuma tun ina ƙarami buzun da ke damansa nawa ne. Ranar da na dawo, ɗan goggona na gani a kai, ya miƙe ƙafa yana goge jar fata kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Taubashina ne, shekarunmu kusan ɗaya, don haka da wasa muka fara. Ya ce, "Ɗan namiji, an dawo da zarto za a yanke mana rumfa?" Na ce, "Tashi, Ɗan mace, mai wuri ya zo." Kowa ya yi dariya, har Baba. Amma bai tashi ba, Baba kuma bai ce ya tashi ba. Na kafa bencina a gefen rumfar, wajen da rana ke fara bugawa.

Aikin Baba bai tsaya ga takalma da gafaka ba. Duk abin da ya tsage ko ya ɓalle a unguwarmu, wurinsa ake kawowa. A bayansa akwai 'yan kasake a jere. Ɗaya na ƙaro ne da aka jiƙa, wanda ake tsinkowa a jikin dakwara, shi yake liƙa takarda da shi. Ɗaya na talgen garin alkama ne, da ake dama wa garin ɓawon maɗaci don kada ƙwari su ci, shi ne na manna fata a kan kwali. Akwai dunƙulen danƙon gamji a cikin tsumma. Daga baya aka ƙara ƙaramin gwangwanin sholisho saboda takalman roba da suka fara yawa a gari.

Ni kuwa na zo da nawa, gulun kafinta. Ɓawo-ɓawo ake sayar da shi, ja-ja kamar alewa, a fasa a jiƙa, a narka shi a gwangwani cikin ruwan zafi. Wari gare shi kamar ana babbaka ƙafar saniya, amma idan ya kama katako biyu, sai dai katakon ya karye a wani wuri. Na yi imani ya fi duk tarkacen da ke bayan Baba. A idona kasaken nan aikin mutanen da ne.

Wata ranar kasuwa wata Bafulatana daga wajen Danchuwa ta kawo ƙwaryar nononta, babba, mai zane, ta tsage daga baki zuwa tsakiya. Ta ce ta uwarta ce, ba ta son rabuwa da ita. Tun kafin kowa ya yi magana na miƙa hannu.

"Kawo nan, Inna. Yanzu zan haɗe miki ita, ko alamar tsaga ba za ki gani ba."

Ɗan goggona ya ce, "Da gulun? Wanki biyu zai narke. Kafin ya narke kuma ya ɓata mata nono da wari, a ce ta zuba romo."

Matar ta janye ƙwaryarta daga hannuna ta miƙa masa. Ya huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke da zaren kaba, ya ɗumama danƙo ya bi ɗinkin da shi ta waje. Ya zuba ruwa ya ɗaga sama, ko ɗigo. Baba ya karɓa ya shafa da yatsa, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce, "Hannun nan, Allah ya yi masa albarka."

Ni ban taɓa jin ya faɗi haka a kan nawa hannun ba. Na yi masa kujera mai majingina, wadda babu irinta a layin dukawa, ya zauna sau ɗaya ya ce ta yi kyau, ya koma kan buzunsa. Daga ranar ƙwaryar na fara ƙirga abubuwan da bai kamata mutum ya ƙirga ba. Wa Baba ya fara miƙa wa goro. Wa ya kira da aka kawo fura. Idan baƙo ya tambaya, "Wannan ɗanka ne?" yana nuna taubashina, Baba ya ce, "Ɗana ne," ba tare da ya ƙara bayani ba, sai in ji zarto ya yi mini nauyi. Abin haushin, mutumin bai taɓa yi mini komai ba. Ko tuwo aka kawo, shi ke tura mini naman.

Ana cikin bazara wani Goni daga Ngojin ya zo. Tsoho ne Babarbare, Hausarsa a karye, yana ce wa mace "shi". Ya kwance wani ƙyalle ya fito da Alƙur'ani rubutun hannu, wanda ya ce kakansa ne ya rubuta. Takardun lafiya lau suke, warwara kamar yadda aka saba, amma tadarishin, wato bangon fata mai tauri da ake rufe su a ciki, ya ruɓe ya rabu biyu. Yana son sabo.

Baba ya daɗe yana shafa tsohon bangon. Sannan ya ce, "Goni, idona ya tafi. Amma ga wanda zai yi maka kamar ni na yi." Ya miƙa wa ɗan goggona. Ina tsaye a wurin, taku uku tsakaninmu, da fensir a kunne.

Ya fara aikin a hankali, irin hankalin da ke ba ni haushi. Ya yanka kwali, ya fere fata har ta yi laushi kamar ƙyalle. Ya ce talge zai dama, ya manna, ya danne da dutse a inuwa kwana biyar, yana juyawa. Bai kai ga damawa ba aka aiko daga Mamudo cewa surukinsa ya rasu. Ya naɗe kayan ya sa a akwati, ya tafi zaman makoki. Kashegari zazzaɓi ya kwantar da Baba a gida. Rumfa ta zama tawa ni kaɗai.

Ban yi niyyar ɓarna ba, wannan zan iya rantsewa a kai. So nake Baba ya shafa abu ya yi albarka, sannan a ce masa ni na yi. Na buɗe akwatin, na ɗora gwangwanina a wuta. Na shafa gulu a kwalin, na ƙara don ya kama sosai, na ja fata a kai, na liƙa farar takarda ta ciki, na ɗaure da matsen katako. Abin da ya ce kwana biyar, kafin la'asar na gama. Da ya bushe ya fito sumul, da tauri kamar allo. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa ya yi ƙara, na ji daɗi har cikin raina.

Ranar Juma'a Goni ya biyo ta kasuwa don ya ga inda aka kwana. Da na yi haƙuri Baba ya warke, da hancinsa kaɗai ya hana abin da ya biyo baya. Amma tsohon ya ga bangon yana ƙyalli, ya yi ta sa albarka, ni kuma kunnena ya daɗe yana jiran irin wannan. Na jera masa takardunsa a ciki, na naɗe, ya tafi.

Da taubashina ya dawo ya buɗe akwati ya ga wayam, na ce, "Na ƙarasa maka. Mai shi ma ya karɓa."

"Da me ka manna?"

"Da abin da ke kamawa."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanina. Babu wasa a fuskarsa, karo na farko tun dawowata. Ya ce, "Allah ya sa damina ta rufa mana asiri." Da Baba ya fito, abin da taubashina ya gaya masa kawai shi ne an gama an bayar.

Damina ba ta rufa ba. Cikin watan marka, ranar da gari ya kwana uku bai ga rana ba, sai ga Goni da ƙyallensa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya kwance ƙyallen. Bangon ya kumbura ya karye a wajen naɗi, kyankyasai sun gaigaye gefensa. Gulun da na lafta ya sha danshi ya yi laushi, ya ratso takardar ciki, ya kama warƙar farko, wato takardar farko ta littafin, mai Fatiha da zayyanar ja da rawaya. Tsohon ya gwada ɗagawa, kusurwa ta yage, sai ya bari.

Baba ya kai bangon hancinsa. Ya ajiye.

"Wa ya sa gulu a littafin Allah?"

Ina neman yadda zan fara, ɗan goggona ya riga ni. Ya ce, "Kawu, ni ka ba aikin. Laifin a wuyana yake." Ya juya ga Goni ya durƙusa. "Allah ya gafarta Malam, a ba ni kwana bakwai."

Goni ya ce masa, "Yaro, kawunka ya yabe ka. Ban zaci haka ba." Ɗan goggona ya sunkuyar da kai ya karɓi maganar. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. A layin nan kaf mutum ɗaya ne ke da gwangwanin gulu, kuma Baba ya sani.

Kwana uku taubashina ya yi a kan warƙa ɗaya. Ya yi alwala, ya ɗora tukunyar ruwa, ya riƙe bangon nesa da tururi yadda zai ji ɗumi ba tare da tawada ta jiƙe ba. Ya fere sillen kara ya yi siriri kamar ganye, yana zura shi ƙarƙashin takardar, ya ɗaga kamar faɗin ƙwayar gero, ya dakata, ya sake. Ina daga bencina ina yi kamar ina aune-aune, alhali idona na kansa. Wani ɓangare na zuciyata na addu'ar takardar ta fita lafiya. Wani ɓangaren, Allah ya yafe mini, yana son ta ɗan ƙara yagewa, ko yaya, don a san shi ma mutum ne.

Ta fita. Ya goge sauran gulun, ya yanko 'yar takarda marar kauri ya shafa mata ƙaro tsararo, ya tallafi yagewar ta baya. Harafi biyu ne suka tashi, Goni ya mayar da su da alƙalaminsa. Sabon bangon kuwa talge taubashina ya dama masa, ya danne a inuwa, ya jira. Da ya gama, yana naɗuwa yana buɗuwa kamar tafin hannu.

Na same shi shi kaɗai na ce, "Wa ya ce ka ɗaukar mini laifi?"

Ya ce, "To da me zan yi? In bar Kawu ya ji kunya sau biyu?"

Na so ya yi mini gori, in sami abin riƙewa. Bai yi ba, bai kuma sake tada zancen ba har abada. Sai na koma ina jin ƙyashin wannan ma. Yana da sunan da zai iya ɗaukar tabo ya wanke, ni ba ni da shi.

Baba bai kira ni ya yi faɗa ba. Wata rana ina riƙe da hannunsa za mu masallaci, ya ce, "Gulunka ba shi da laifi. Katako ba ya lanƙwasa, shi ya sa suka dace. Fata kuwa motsi take, tana son abin da zai bi ta. Takarda tana son marar nauyi, ƙwarya tana son wanda ruwa ba ya ci. Ɗan'uwanka kafin ya taɓa abu sai ya tambayi inda za a ajiye shi da abin da za a zuba masa." Magana ce mai amfani, na kuma yi aiki da ita shekaru da yawa. Amma a ranar, abin da ya fi damuna shi ne, ko a cikin yi mini nasiha sai da aka yabe shi.

Bayan rasuwar Baba na bar bakin kasuwa na buɗe shago a kan hanyar Kano. Da aka shiga buɗe makarantun firamare ko'ina, aikin benci da tebur ya yi mini yawa har na ɗauki ma'aikata. Na sayi babur, na yi rufin kwano. Taubashina kuwa yana nan a rumfa, takalman roba sun cinye rabin cinikinsa. Duk mai hankali zai ce ni ne abin yi wa hassada.

Wata safiya ya zo shagona da kujerar tsugunno ta goggo, ƙafa ɗaya ta tsage. Ya ce, "Ɗan namiji, yau ni ne a ƙofarka. Itace ba fannina ba ne. Me ake sa masa?"

Na zaunar da shi. Na yi masa bayanin yadda ake narka gulu kada ya tafasa, yadda ake ɗumama katakon, yadda ake shafawa kaɗan, a matse, a goge abin da ya fito. Bayanin da zai ƙare kafin a sha ruwa, na ja shi har rana ta ɗaga, ma'aikatana suna ji. Ya saurara, yana gyaɗa kai. Na ce ya bar kujerar in gyara, ya ce a'a, ta uwarsa ce, yana son ya yi da hannunsa. Na ɗiba masa gulu, na ara masa matse.

Bayan kwana biyu ya dawo da matsen, da kujerar a hammata don in duba. Na juya ta, na kai ta bakin ƙofa wajen haske, na bi ƙafafun huɗu da farce ɗaya bayan ɗaya. Ban gane wadda ta tsage ba.

Ya ce, "Yaya, malam? Na ci?"

Na miƙa masa kujerar na ce, "Ba laifi. Gulun ya ɗan yi yawa."