Karkarwa a Soron Baba

A bazarar da zan ba da labarinta, wani ɗan sauti ne ya hana ni sukuni, sautin da in na nuna wa mutum sai ya dube ni ya ce shi bai ji komai ba.

Ni malamin makaranta ne. Ina koyarwa a wata sakandare kusa da Bici, ina kuma zaune a gidanmu na gado a ƙauye, inda gonar wannan take manne da ta wancan. Abin da ya bambanta ni da sauran malamai shi ne tara faya-fayen garmaho na kiɗan jaz. Tun ina ɗalibi a kwaleji cutar ta kama ni. Na ji wani faifai a shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya a Kano, mai busa yana ta yawo da kiɗan har na ce ya ɓata, can sai ga shi ya dawo daidai inda ya tashi. Daga ranar na shiga bin shagunan gwanjo da gidajen tsofaffin ma'aikata waɗanda 'ya'yansu ke son rabuwa da tarkace. Wani faifan in same shi zafi ya lanƙwasa shi, wani gara ta cinye kwalinsa, duk in kwaso. 'Yan gidanmu suna kiran abin kiɗan da ba shi da alƙibla, ni kuma na gaji da yi musu bayani.

Kayan sautina ba na a zo a gani ba ne. Garmaho ne tsoho, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da sifikoki biyu na katako, sai batirin sola, tunda wutar lantarki a garinmu baƙuwa ce. Abin alfaharina shi ne ɗakin. Soro ne na ƙasa da marigayi Baba ya gina tun ba a haife ni ba, katangarsa mai kauri, rufinsa na azara, ƙasansa daɓe. Katangar ƙasa ba ta mayar wa mutum da magana. In ka sa faifai a ciki, kowane makaɗi yana zama a wurinsa: mai fiyano a nan, mai ganga can baya, mai busa a gabanka har kana jin lokacin da ya ja numfashi. Akwai kuma wata ƙatuwar aba mai tsirkiya da suke tsayarwa a ƙasa, wadda ake kira bes. A soron nan ba da kunne kaɗai ake jin ta ba, har a ƙirji.

Ina da aboki, shi ma malami ne, a Gezawa yake. Ranar Asabar bayan azahar yakan ɗauko babur ya zo mu zauna. Ba ma jituwa a komai. Shi a wayarsa yake tara kiɗa, yana cewa faifai ƙarar suyar gyaɗa ce kawai nake saye da sunan tarihi. Ni kuma in ce masa na wayarsa an wanke shi har ya koɗe. A kan ɗakin kaɗai bakinmu yake zuwa ɗaya. Ya sha cewa ya shiga falo-falo na masu hali a birni, bai ji inda sauti ya zauna daram kamar nan ba.

Wanda bai ga wannan ba shi ne Yaya, babban wanmu, wanda yake sana'ar buga bulo a Ungogo. Duk zuwan da zai yi sai ya ƙwanƙwasa katangar ya ce lokaci ya yi da za a rushe a yi na zamani. Saboda shi ne ban taɓa bari damina ta same ni ban yi yaɓe ba, ban gyara indararo ba. Ba na son in ba shi hujja ko ta ƙwayar zarra.

To, a wani faifai da nake ji da shi akwai inda sauran makaɗa suke yin shiru su bar mai bes shi kaɗai, ya yi ta gangarowa har zuwa tsirkiyarsa mafi kauri. Wata rana yana isa wurin sai na ji wani abu ya ɗan karkare daga hagu, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba, ya kuma ɗauke nan take. Na mayar da allurar garmaho baya. Ya sake yi. A garinmu kuwa in kaya irin wannan suka lalace, ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka wani.

Allurar na fara zargi. Ina da guda da nake ta adanawa a cikin gwangwanin madara, na ciro na sa, karkarwar tana nan. Na buɗe bayan sifikar hagu na haska da tocila, ina addu'ar kada in ga takardarta ta yage. Lafiyarta ƙalau. Na kankare bakin wayoyi, na ɗaɗɗaure kusoshi, na musanya sifikokin, ta dama ta koma hagu. Abin bai bi sifika ba, ya tsaya a hagunsa. Na ɗaure amfilifaya a bayan babur na kai wa mai gyara a Kano, ya kwance ya ɗaura ya ce bai ga komai ba. A aji ina rubutu a allo hankalina yana kan soro. Har na fara tsoron ko kunnena ne ya fara tafiya, na riƙa toshe ɗaya da yatsa ina sauraron kukan kaji.

Da Asabar ta zo na zaunar da abokina na yi ta maimaita masa wurin har ya ƙosa. Can ya ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Na ji shi. Ai dama na gaya maka, tsohon faifai sai tsohon ciwo."

"Faifan nan ya fi ka lafiya," na ce.

Don ya kunyata ni, sai ya jona wayarsa da amfilifaya ya sa wani kiɗan mai bes. Ana gangarowa ƙasa, karkarwar ta amsa. Dariyarsa ta tsaya. Ya ce mu fitar da sifikokin tsakar gida. Muka ja waya muka ajiye su ƙarƙashin dalbejiya, muka sa faifan, sauti ya fita tas. Muka mayar da su ciki, abin ya dawo. Ina tsaye a gaban garmaho ina kallon faifan yana juyawa, sai na lura da wani ɗan gari ja-ja yana sauka a kan baƙinsa, kaɗan-kaɗan, daidai lokacin da mai bes yake ƙasa. Na ɗaga kai. Shi ma ya ɗaga.

"Ƙara sautin," ya ce. Ya taka kujera ya ɗora tafin hannunsa a kan azarar da ke kusa da katangar hagu. "Zo ka taɓa."

Na hau na taɓa. Azarar tana rawa a hannuna. Ya miƙo mini sukudireba, na ɗan danna, ta shige kamar cikin dafaffen rogo. Gara ta cinye cikin, ɓawon kawai ta bar mana, kuma a kan ɓawon nan ƙasar rufin gaba ɗaya take zaune. Da amfilifayar ce ta ƙone da na fi murna.

"Wa yake kwana a nan?" ya tambaye ni.

"Babu kowa. Inna ce dai take shigowa ta kishingiɗa da rana, saboda sanyin ɗakin."

Inna mahaifiyarmu ce, ta manyanta, kuma in zafin bazara ya tsananta nan kaɗai take iya runtsawa. Abokina ya dube ni kawai, ya tafi neman hularsa.

Kafin magariba na samo itacen turare mai kauri na tokare azarar. Na je na gaya wa Inna kada ta ƙara kwanciya a ciki. Ta zo bakin ƙofa ta dubi tokarar, ta naɗe tabarmarta.

"Auta, ka gaya wa yayanka?"

"Zan gaya masa, Inna. Bari in samo magini tukuna."

Na san in Yaya ya ji, zance ya ƙare. Don haka na shiga neman azara da mai ɗora ta kafin labari ya kai Ungogo. Ina tashi daga makaranta sai in bi kasuwannin ƙauye. A ce mini giginya ta ƙare a yankinmu, sai an je nesa. Inda na samu kuma 'yan sirara ne, ɗanyu, ko rumfar awaki ba za su riƙe ba. Tsohon maginin da aka kwatanta mini na same shi zaune a ƙofar gida, gwiwoyinsa sun kumbura, 'ya'yansa duk sun koma aikin bulo. Da ƙyar na lallashe shi na goyo shi a babur. Ya zagaya ɗakin yana bubbuga katanga da sandarsa, wani wurin ya amsa da ƙarfi, wani ya yi ƙarar ƙwarya. Ya ce garar ta ƙasa ta hawo ta cikin katangar, in aka yaye rufin babu tabbacin ginin zai ɗauki sabo. Na ce ko a gyara gefe ɗaya. Ya ce shi dai ba zai sa ɗan kowa ya hau ba.

Ana haka hadari ya fara haɗuwa a gabas. Jakuna suna ta kai taki gonaki, kowa ya yi sharar gona yana duban sama. A masallaci liman yana roƙon ruwa, jama'a suna amin da ƙarfi, ni tawa amin ɗin ƙasa-ƙasa nake yin ta. Ina son ruwa kamar kowa, ni ma ina da gona. Amma duk iskar da ta kaɗa sai in fito in tsaya ina kallon rufin soro.

Na kwashe faya-fayen da kayan sautin na mayar ɗakin bulo da Yaya ya gina don baƙi a bakin ƙofar gida. Na jona komai na sa faifan nan. Karkarwar babu, amma kiɗan ma babu. Mai busa ya koma tsawa, fiyano yana dukan katanga yana dawowa, bes ta zama ƙugi kawai a ƙarƙashin rufin kwano. Na rataye barguna a bango, na shimfiɗa tabarmi a kan siminti, na matsar da sifikoki gaba na mayar baya. Ɗan sauƙi aka samu, ba wani abin kirki ba. Na zauna a ƙasa ina jin baƙin ciki irin wanda ba ka da wanda za ka kai wa, don duk wanda ka gaya wa dariya zai yi.

Ruwan fari ya sauka bayan la'asar. Na tsaya a ƙofar ɗakin bulo ina kallon indararon soro yana zuba, ina cewa a raina ya riƙe, ya riƙe. Yara suna ta murna a waje. Da aka ɗauke na leƙa ciki ban shiga ba. Laima ta zagaye kan azarar, ɓarɓashin ƙasa ya zubo a daɓe, tokarar da na sa kuma ta nutse ta karkace. A nan tsaye na kira Yaya na gaya masa komai.

Na shirya jin "ai na faɗa maka". Bai ce ba. Cewa ya yi, "Allah ya tsare. Ka sa kwaɗo a ƙofar, kada kowa ya shiga. Zan zo da yaran aikina." Da ya yi mini gori da na samu abin yin fushi da shi.

Da hantsi suka zo, da diga da shebur. Maƙwabta har sun riga sun roƙi ƙasar, don ƙasar tsohon gini taki ce mai kyau, jakunansu suna tsaye da mangaloli a waje. Na buɗe kwaɗon na koma gefe. Ma'aikata suna jingina tsani sai ga Inna ta fito da mayafinta, ta ce su ɗan dakata. Ta dube ni.

"Auta, ina kayan naka? Sa mini mai kaurin muryar nan, wanda yake gurnani shi kaɗai. In ji shi a ciki ko sau ɗaya ne."

"Inna, ashe kina ji?"

"Ta bayan katanga nake ji in ina tsince wake. Kullum cewa nake wata rana zan shigo in zauna in ji shi da kyau."

Na gaya mata na riga na kwashe komai, kuma ko an dawo da su, wannan muryar ce take girgiza rufin, ba zan bari ta zauna a ƙarƙashinsa ba. Yaya ya dubi gabas, hadari ya fara tasowa. Inna ta matsa ta dafa katangar, ta ɗan jima a haka.

"To, shi ke nan," ta ce. "Ku hau."

Na juya na shige ɗakin bulo na turo ƙofa, amma bai hana ni jin saran digar farko ba.