Wanda Ya Rufe Bakin Jovita

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a ƙauyen Cavelossim ya san Piedade Rebelo, ya kuma san ba ta yarda da kowa. Shekara arba'in tana ɗaukar kwando daga bakin teku zuwa ƙofofin mutane, amma ko masuncin da suka yi wasan ƙasa tare ya rantse mata da Waliyyi Francis cewa kamun safiyar nan ne, sai ta buɗe kumatun kifin ta leƙa. Mijinta mai tatsar giyar kwakwa ne, ya faɗo daga bishiya ya mutu. Likita ya ce santsi ne. Ita kam har gobe tana cewa mutumin da ya yi shekara talatin yana hawa ba ya zamewa haka kawai.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga zarginta, jikarta Jovita. Uban yarinyar yana aikin jirgin ruwa, uwarta Sharon tana wuni a otal, saboda haka a cinyar Piedade ta girma. Bakinta ba ya hutawa. Kullum da yamma kakar za ta zaunar da ita a baranda tana shafa mata man kwakwa a gashi, ita kuma tana zuba: wa ya yi kuka, wa ya ci abincin wa, karen wa ya haihu. Piedade takan ce, "Ke rediyon gidan nan, wa ke sa miki batir ne?" Amma wannan surutun shi ne abin da take jira tun asuba.

Da damina ta faɗi aka mai da Jovita makarantar Turanci ta bakin titi. Ba a yi wata guda ba rediyo ya mutu. In kakar ta tambaye ta ko za ta sha kunun shinkafa, sai ta gyaɗa kai. In ta tsokane ta, sai ta rufe baki da hannu ta gudu.

Piedade ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Maƙwabciyarta Consu ce ta ga yarinyar cikin sabon kayan makaranta ta ce, "Kai, kamar 'yar likita!" ba ta kuma ƙara da Allah ya tsare ba. Kambun baka ke nan ƙiri-ƙiri. Piedade ta ɗebo gishiri da busasshen barkono uku, ta zagaya kan Jovita da su tana addu'a, ta watsa a murhu. Wuta ta ce tas-tas.

"Kin ji ko?" ta ce wa Sharon. "Kin ji bakin matar nan?"

"Mama, gishiri ne fa. Ko a kan Fadan coci kika zagaya shi sai ya yi ƙara."

"Ke dai kin iya kare mutanen waje."

Ta daina gaida Consu, ta daina miƙa mata kan kifi don magenta. Duk da haka bakin yarinya bai buɗe ba. Sai zargi ya koma kan direban motar makaranta, daga nan kan mai burodin da ya faye yi mata murmushi. Ran nan kuwa Piedade tana wucewa ta ƙofar ɗaki ta jiyo muryar Jovita ras, tana ta zuba wa uwarta labari da Turanci, yaren da kakar ba ta jin ko kalma ɗaya. Tana leƙawa yarinyar ta yi tsit. Abin ya soke ta. Ashe bakin lafiyarsa ƙalau, ita kaɗai aka rufe wa shi. Ba ta tambayi Sharon komai ba, don ta riga ta yanke cewa duk amsar da za ta ji ƙarya ce.

Washegari ta kutsa makarantar da kwandonta a ka, mai gadi yana biye da ita yana roƙo. Malamar ajin ta fito, sai ga 'yar Lobo tela, wadda Piedade ta sani tun tana yawo da majina. Malamar ta yi mata Turanci.

"Ke Savia, ni za ki yi wa wannan? Yi min yaren uwarki."

Malamar ta waiga dama da hagu, ta ja ta bayan ofis, sannan ta yi mata Konkani, yaren garinsu, ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Dokar makaranta ce, in ji ta. Duk yaron da aka ji da Konkani ana rataya masa jan kati a wuya, ya wuni da shi. Kowace Litinin kuma ana tambayarsu wa ya yi a gida.

"To ta ce ba ta yi ba mana! Wa zai sani?"

"Anti, Jovita ba ta ƙarya. Tana shirin karɓar jibin Ubangiji karo na farko a coci, tsoron zunubi take ji. Sau biyu tana ɗaga hannu da kanta, yara suna mata dariya. Daga nan ba ta sake yin Konkani a gida ba."

"Har cikin gidana dokarku ta kai? Wane mara kunya ya ba ku izini? Sharon ce ko? Na sani!"

Malamar ta shiga ofis ta fito da takarda. Alƙawarin iyaye ne cewa Turanci kaɗai yaro zai yi a gida. A ƙasa babu sa hannun Sharon. Dangwalen babban yatsa ne da shuɗiyar tawada, har da tabon wuƙar gyaran kifi a tsakiyarsa.

Sai Piedade ta tuna. Makon farko ne, Sharon ta fita tun duku-duku, mota tana ta hon, Jovita ta miƙo takarda. Ita da ba ta sayen ashana sai ta girgiza kwalin, ta dangwala tana murna wai yau an san da ita a harkar boko.

Da yamma ta zaunar da yarinyar a baranda, ta zuba man kwakwa a tafi. Ta daɗe tana shafawa kafin ta ce, "To, yi da Turancin. Ina jin ki."

Jovita ta juyo ta kalle ta, ta ga da gaske take. Sai labarin wata biyu ya ɓalle, tana yi tana nuni da hannu, tana kwaikwayon muryar wani. Can ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Piedade ta taya ta, ta yi dariya sosai, ba ta san ko da ita ake ba.