Foton Cin Kifi a Gaya

Na manta ranakun aiki da yawa, amma ranar da muka kai matan Matameye ziyara Gaya har yau ba ta bar raina ba, kuma duk lokacin da na tuna ta sai na ji ɓacin ran ya dawo mini sabo. Ku da kuka kama aikin nan bayanmu, gara ku ji ta daga bakina.

Lokacin ina animatiris a wani furoje, wato aikin tallafi, na ƙungiyoyin mata. Animatiris ita ce mai zaga ƙauyuka, Dungu, Dawce da kewaye, ta zauna da mata ta ji damuwarsu ta kai wa na sama. A matakan aikin, in ka cire mai gadi, babu wanda ke ƙasa da ni. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, shi ne Mushe Idi (Malam Idi ke nan da Faransanci), mutum mai tsabta, mai son agogo, wanda bai taɓa zama kan tabarma ba sai ya fara kaɗe ta da hankici. Akwai abin da muke kira ziyarar musaya: a ɗauki matan wani gari a kai su wani, su ga sana'ar juna, su ji tarihin wuri, su ci abincinsa. In an dawo shef ya rubuta rapor ya aika wa masu ba da tallafi, kuma doka ce kowane zango na ziyarar a haɗa shi da foto, shaidar cewa an yi.

Shekara guda kafin nan matan Gaya ne suka fara zuwa wurinmu ganin garaken rake. Shugabarsu ita ce Hamsatu, mai bandar kifi, doguwa, mai Hausa da gargada. Aka sauke ta gidan Hajiya Dije ta Dungu, tsohuwar da ke jagorar matanmu. Duk abin da aka aje gabanta ta ci, tuwon gero, miyar kuka, fura, har ta side hannu. Da za su tafi ta riƙe hannun Hajiya Dije ta ce ita dai burinta mu zo mu ci kifin da bai taɓa shiga mota ba. Matanmu suka yi ta maimaita zancen nan shekara guda, don mu iyakar saninmu da kifi shi ne busasshen da ake kasawa ranar kasuwa.

Bayan girbi aka ba mu babbar mota muka kama hanya. Tafiya ce mai nisa, sai da muka kwana a hanya. Da muka hangi kogin Kwara motar ta yi tsit, sai salati kawai kake ji. Hajiya Dije ta tambaye ni ko duk ruwan nan a banza yake wucewa, babu wanda ya tare shi ya shuka rake. Na ce haka nan yake, ta girgiza kai ta ce Allah mai iko.

Da safe aka fara zagaye. Aka kai mu wurin masu sassaƙa jirgin ruwa, muna cikin kallon yadda suke toshe tsagar katako, shef ya ce a jeru, aka ɗauki foto, aka ce a shiga mota. Wurin masu saƙar taru ma haka. Aka kai mu gaban wani dattijon masunci da zai ba mu tarihin zaman kakanninsa a bakin kogin. Bawan Allah ya sa babbar riga, ya gyara murya, bai gama jero sunayen kakannin ba shef ya tafa hannu ya yi masa godiya. Dattijon ya bi mu da ido bakinsa a buɗe. Tun nan na fara jin zafi, amma na haɗiye. Direba ne ya raɗa mini dalilin saurin: lokacin iyaka a buɗe take, shef yana son ya tsallaka gada zuwa kasuwar ƙasar Benin ya sayo wa iyalinsa atamfa kafin a tashi.

Rana ta take muka isa unguwar su Hamsatu. Tun daga bakin lungu ƙamshi ya tare mu. An share fili ƙarƙashin itatuwan mangwaro, an shimfiɗa tabarmi, an jera manyan tire-tire a rufe. Ga giwan ruwa soyayye, ga ƙarfasa gasasshiya, ga farfesun tarwaɗa, ga shinkafar gida da dambun zogale. Hamsatu ta rungume Hajiya Dije, sannan ta ja ni gefe. Ta ce kowane tire daga gida daban ya fito. Mazansu sun ba da kamun ranar gaba ɗaya, ba a kai ko ɗaya kasuwa ba. Ta ce ba da sauƙi matan suka yarda ba, don da yawa sun ce mutanen furoje ƙyamar abincinsu suke, suna zuwa su leƙa su wuce. Ita ce ta bi gida gida tana rantsuwa cewa waɗannan daban ne, ta ci a gidajensu, ta san su. Ta ce, "Madam, bakina na jingina. Don Allah ku ci da yawa."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yunwa ma muke ji.

Aka zagaya da ruwan wanke hannu. Shef ya kaɗe tabarma ya zauna tsakiyar mata, ya sa aka buɗe tiren da ya fi kyau aka jawo gabansa. Ya ce kowa ta sa hannu cikin abinci ta dubi mai foto ta yi murmushi. Muka yi. Shi ma ya kai yatsunsa bisa kifin. Aka ɗauka, ya karɓa ya duba, ya ce a ƙara ɗaya. Sannan ya miƙe, ya goge yatsun, ya ce, "To, madalla. A tashi, lokaci ya tafi. Akwai burodi da sadin a mota."

Sadin na gwangwani, jama'a. A bakin Kwara, gaban kifin da aka kamo da asuba. Na ɗauka wasa yake. Da na ga ya nufi mota sai na gane da gaske yake. Na dubi Hamsatu, tana tsaye da butar wanke hannu, murmushin foton bai gama barin fuskarta ba. Bayanta matan unguwa sun fara kallon juna, wata ta taɓe baki ta ce wani abu da Dandanci, ban ji yaren ba amma na gane.

Matanmu suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna side yatsu a ɓoye. Ban ga laifinsu ba. Shef ne ke cewa wace ƙungiya za ta samu injin ban ruwa, wace ce ba za ta samu ba, ga shi suna garin da ba su san kowa ba. Hajiya Dije kuwa ko motsi ba ta yi ba. Shef ya dawo ya ce, cikin ladabin da babu ladabi a ciki, Hajiya ita ake jira.

Ta ce, "Ɗana, na riga na yi bismilla. Matar nan ta ci a gidana. In na tashi yanzu, da wace fuska zan koma Dungu?"

Ya juyo kaina da Faransanci, don kada su ji, ya ce aikina ne in tashe ta. Na amsa masa da Hausa, don su ji, na ce ba zan iya ba, ni ma ban ci ba. Na gyara zama. Ya ce zan yi bayani in mun koma. Ya shige mota, aka tafi da waɗanda suka tashi, aka ce za a biyo ta kanmu da la'asar.

Muka rage mu 'yan kaɗan, ba mu cika yatsun hannu biyu ba, gaban abincin da aka dafa wa mota guda. Hajiya Dije ta ci loma biyu, ta ɗaga kai ta dubi jerin tiren, ta ce mana ƙasa-ƙasa kada wadda ta ƙoshi a nan. Ta ce kowane tire da mai shi, kuma mai shi tana tsaye tana kallo, saboda haka babu wanda zai koma gida a rufe. Haka muka yi. Mu ci a wannan, Hajiya ta tambayi wace ce ta dafa, a nuna ta, ta sa mata albarka, mu ja jiki zuwa na gaba. Ba mu iya cin ɗanyen kifi ba, ƙaya ta yi ta soke mu, wata daga Dawce ta shaƙe har hawaye. Sai matan suka fara matsowa, suna zama kusa da mu suna zare mana ƙayar da hannunsu kamar yara. Wadda ta taɓe baki ɗazu ita ce ta bubbuga wa ta Dawce baya, ta ba ta dunƙulen shinkafa ta ce ta haɗiye. Kafin mu kai ƙarshen layi na kwance ɗaurin zanena sau biyu, Hajiya Dije kuwa rarrafe take tana cewa in ta mutu a gaya wa 'ya'yanta kifi ne.

An yi dariya, amma kada ku ɗauka abin ya gyaru. Mun taɓa kowane tire, ba mu ci ko rabi ba, kuma duk unguwar ta ga motar da ta tafi. Hamsatu ba ta zauna ba, ba ta ci ba. Da mota ta dawo ta rako mu har bakin lungu, ta riƙe hannun Hajiya Dije ta ce ta gode, ta rufa mata asiri gwargwadon iko. Sannan ta dube ni ta ce, "Madam, ke da Hajiya ƙofata a buɗe take. Amma kada ki sake aiko mini da mota."

Da muka koma shef ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce na yi masa rashin kunya gaban mata, ba a daɗe ba aka mai da ni Dawce. Wannan bai dame ni ba, Dawce gida ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne rapor. Foton nan aka sa a bangon farko, shi a tsakiya hannunsa bisa giwan ruwa, a ƙasa an rubuta cewa an ci abinci tare cikin zumunci. Masu tallafi suka yaba, suka ce a sake irinta. Da aka nemi matan Gaya, sai suka aiko cewa sun zaɓi sabuwar shugaba, kuma ba su da lokaci.

Abin da na koya ke nan. A aikin nan namu duk inda kuka je kuka tarar an shimfiɗa tabarma, akwai wadda ta bi gida gida ta ce ku mutanen kirki ne. Ku za ku shiga mota ku tafi, ita a unguwar za ta kwana. In kun san ba za ku ci ba, ku faɗa tun ba a ɗora tukunya ba. In kuwa kun wanke hannu, to ku zauna ku ci.