Baba Buɗe da Sikelin da Aka Hana Buɗewa

A layin masu gyara, tsakanin shagon Mai Agogo da na mai ɗinkin takalma, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. A nan Baba Buɗe ya shekara talatin da bakwai yana gyaran sikeli. Cikakken laƙabinsa Buɗe-in-gani, kuma ba a banza ya samo shi ba. Kawo masa sikeli ka rantse cewa sabo ne fil daga kwali, sai ya dube ka ta saman tabarau, ya jawo sukudireba. Matarsa ta ce ko rediyon da aka ba su kyauta ranar da suka tare, sai da ya kwance bayansa kafin ya bari a kunna.

Zargi a jininsa yake, amma sana'a ce ta wasa shi. Ya ga mai nama da ya liƙa maganaɗisu a ƙarƙashin faranti. Ya ga mai sayen tsohon ƙarfe da ya sassauta sifirin, ya kuma ga wani dattijo mai carbi da ya rarake cikin dutsen awonsa ya cika da kakin zuma. Tun daga nan ya daina duban fuskar mai sikeli, sai cikin sikelin.

Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya, wani dutsen awo na tagulla, kilo ɗaya cif, wanda maigidan da ya koya masa aiki ya bar masa. Yana kwance a cikin akwatin katako mai shimfiɗar ƙyalle, ba a taɓa shi da hannu tsirara, wai gumin yatsa yana ƙara masa nauyi. Da shi yake gwada sauran duwatsunsa na baƙin ƙarfe, mai kilo biyar, mai goma, mai ashirin. 'Ya'yansa biyar sun tashi sun san za su iya hawa kan kekensa, su zubar masa da mai, a yafe musu. Akwatin nan kam ko kallonsa da yawa laifi ne.

A bango, sama da teburin aiki, lasisinsa yake rataye cikin gilas. Ofishin awo ne ke sabunta shi kowace shekara, kuma shi ne ya ba shi ikon manna 'yar takarda mai sunansa a jikin duk sikelin da ya duba. A kasuwa, in mai saye ya ga wannan takarda, ba ya ƙara magana. Baba Buɗe bai gina gidan sama ba, bai sayi mota ba. Wannan 'yar takarda ita ce dukiyarsa, kuma yana alfahari da ita fiye da yadda ya kamata.

Sai wata shekara gwamnati ta fito da doka. Duk mai awo a kasuwa ya ajiye tsohon sikeli mai allura, ya ɗauki na lantarki mai nuna lamba, na wani kamfani guda da ofishin awo ya amince da shi. Kowane sikeli yana zuwa da 'yar waya da aka zura ta cikin murfinsa, aka danne bakinta da dalma mai hatimin ofis. Mai gyara yana iya canza batir, ya goge datti, ya manna takardarsa. Wanda ya yanke dalmar kuwa ya yanke lasisinsa.

Watanni aka yi ana tafka muhawara a kan bencin da ke ƙofar shagon. Mai Agogo, abokin Baba Buɗe tun suna samari, yana bayan gwamnati.

"Kai da kanka ka sha ba mu labarin maganaɗisu," in ji shi. "Yanzu an rufe wa ɓarayi ƙofa, kuma kana ƙorafi. In hukuma ba ta tsaya a tsakani ba, mai ƙarfi ne zai cinye mara ƙarfi."

"Ta tsaya a tsakani mana, wa ya hana ta?" in ji Baba Buɗe. "Amma me ya sa kamfani ɗaya? Masu ƙera sikeli sun ƙare ne a duniya? Alƙalin wasa in ya fara sayar da ƙwallo, sai a duba shi."

"Kai dai ba ka taɓa ganin naɗi ba ka ce babu lauje a ciki ba."

"Sau nawa na kwance naɗin ban samu laujen ba?"

Duk da haka ya sa hannu a takardar ofis ta amincewa da sabuwar dokar. Iyali na jiransa a gida, kuma gwaji na farko da ya yi da dutsen tagulla ya nuna kilo ɗaya cif. Ya manna sunansa a kan sikeli fiye da ɗari, zuciyarsa ba ta kwanta ba ko sau ɗaya.

Autarsa, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ta yi aure har da ɗa, tana aikin kwamfuta a wani ofis. Wata ranar Asabar ta biyo ta shagon ta tarar ana wannan musu, ta saurara, sannan ta sa baki.

"Baba, ba sai an zaɓi tsakanin ɓarawo da rufaffen akwati ba. Abin da ke lissafa nauyi a cikin sikelin nan manhaja ce, umarni ne a rubuce. Akwai irinta da mutane daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta, suka bar ta a buɗe. Kowa zai iya karantawa, wanda ya ga kuskure ya nuna. Kyauta ce ma."

Kalmar ƙarshe ce ta ɓata komai.

"Kyauta," in ji Baba Buɗe. "Su waɗannan bayin Allah iska suke ci? Wa ke ciyar da su? Auta, ruwa ba ya tsami banza."

"Wasu aikinsu ne ke buƙatarta, wasu jami'a ke biyansu, wasu sha'awa ce kawai."

"Kuma kin ce kowa zai iya sa hannu. To mai naman nan mai maganaɗisu ma kowa ne."

"Zai iya canza tasa, amma in aka kwatanta da ta asali za a gani. Ofishin awo ma zai iya sa hatiminsa a kan wadda kowa ya riga ya karanta. Kai fa ake kira Buɗe-in-gani, ga buɗaɗɗe an kawo maka kana gudu."

Mai Agogo ya yi dariya har da tari. Baba Buɗe ya ce shi ba ya cinikin biri a sama, ko birin na kamfani ne ko na 'yan sa-kai, ya koma ciki.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, Mai Fulawa ta iso shagon da sikelinta a baro. Bazawara ce, tana auna wa masu gidan burodi fulawa, kuma Baba Buɗe ya san ta tun mijinta na da rai. Idanunta sun yi ja.

"Baba, yau an kira ni ɓarauniya a gaban jama'a. Masu burodi uku sun ce duk kilo ashirin da na auna musu, in sun je gida sai su ga babu rabin kilo. Na nuna musu takardarka. Suka ce ashe da kai muke rabawa."

Maganar ta soke shi. Ya ɗauko akwatin katako, ya ɗora dutsen tagulla da ƙyalle. Kilo ɗaya cif. Ya ɗora mai biyar, lamba ta ɗan gota kaɗan. Da ya ɗora mai ashirin, sikeli ya ce ashirin da rabi. Ya sauke, ya sake, har sau huɗu. Ya aika aka aro masa wasu sikeli biyu masu ɗauke da sunansa daga bakin kasuwa, ɗaya daidai, ɗaya ya yi irin wannan ƙaryar.

Washegari ya yi sammako zuwa ofishin awo da sikelin Mai Fulawa. Jami'in da ke yawo kasuwa da filayar danne dalma, wanda ake kira Mai Hatimi, ya saurare shi cikin ladabi, ya ciro nasa dutsen daga jaka ya gwada. Dutsen kilo ɗaya ne, domin shi ne jakar ke iya ɗauka.

"Ka gani, Baba, lafiyarsa lau. Dalma tana nan, ba a taɓa ba."

"Yallaɓai, ɗora ashirin."

"Ƙa'ida ba ta ce ashirin ba. Kuma duwatsunka sun tsufa. In kana da ƙorafi, cika takarda, mu aika wa kamfani. Su kaɗai ke da ikon buɗewa."

"Kai ka taɓa ganin cikinsa?"

Mai Hatimi ya gyara zama. "Ba aikina ba ne."

"To me hatiminka yake shaida?"

Aka miƙa wa Baba Buɗe takarda mai shafi uku, aka ce ya jira wata uku. A hanyar dawowa ya yi ta saƙa da warwara. Kuskure ne, ko da gangan ne? In da gangan ne, wa ke cin riba? Bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi komai ci masa rai. Abin da ya sani shi ne, kowane sikeli da ya taɓa buɗewa yana da wani ɗan noti a ciki da ake murɗawa a daidaita shi. Minti biyar ya ishe shi ya wanke matar nan, ya wanke sunansa.

Mai Agogo ya gan shi ya ɗauki filaya, ya taso da sauri.

"Kada ka yi. Shekara talatin da bakwai fa."

"Shekara talatin da bakwai ban sa sunana a kan ƙarya ba."

Ya datse wayar, dalmar ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya kwance kusoshi huɗu, ya ɗaga murfi, ya gyara tabarau.

Babu noti. Babu sifirin, babu allura. Wani koren allo ne kamar tafin hannu, da ɗan baƙin abu mai ƙafafu a tsakiyarsa, da wayoyi huɗu. Ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya duba da gilashin Mai Agogo. Tun da yake bai taɓa buɗe abu ya rasa abin gani ba sai ranar. Ya zauna a kan kujerarsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Labari ba ya kwana a layin masu gyara. Bayan kwana uku Mai Hatimi ya zo, ya ce shi ma ba da son ransa ba, ya sauke lasisin daga bango ya tafi da shi da ragowar takardun mannawa. Wurin da gilashin ya rufe shekara da shekaru ya fito fari tas a jikin bangon da ya yi duhu. An ba Mai Fulawa wani sikelin daga kamfanin. Baba Buɗe ya tura duwatsunsa a baro har shagonta, ya gwada a gaban masu burodi, sabon ma ya yi irin wannan ƙaryar, ya rubuta mata a kwali da manyan baƙaƙe inda za ta riƙa tsayawa in tana son ashirin ta cika. Masu burodi suka ba ta haƙuri. Shi babu wanda ya ba shi.

Ranar Asabar Auta ta zo da kwamfutarta da wani ɗan allo irin wancan. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma ya lura da hakan. Ta jona allon a jikin wani tsohon farantin awo da ke jingine a kusurwa, ta buɗe rubutun manhajar nan ta kyauta a gabansa.

"Ga cikinsa, Baba."

Ya leƙa. Layuka ne birjik, wani harshe da ba na mutane ba.

"Wannan ne buɗaɗɗen? Ai ni a wurina duk ɗaya ne da wancan."

"Zan karanta maka."

Ta jawo kujera kusa da shi, ta bi layi-layi tana mayar masa da magana. Nan yana cire nauyin faranti. Nan yana jira abin da aka ɗora ya daina rawa. Nan yana kwatanta abin da ya ji da dutsen da aka koya masa.

"Dutse nawa ake koya masa?"

"Yadda ka so. Ɗaya ma ya isa a wurin wasu."

"Bai isa ba. Ɗaya ne ya kai ni inda nake. Sa masa huɗu."

Ta sa. Ya tsayar da ita fiye da sau goma, yana tambayar wa ya rubuta wannan, wa ya duba shi, in wani ya canza da dare ya za a sani. Wasu ta amsa, wasu ta ce sai ta bincika, kuma wannan amsar ta fi kwanta masa. Suka ɗora mai biyar, mai goma, mai ashirin. Duk suka fito cif. Ya ce a sake, aka sake.

"Ka yarda yanzu?" in ji Auta.

"Ban yarda ba. Ban san mutanen nan ba, kuma ba ni na karanta ba, ke kika karanta. Ko ya yi daidai, doka ba ta bari a kai shi kasuwa."

"Akwai masu rubuta wa ofishin awo a kan haka. In ka yarda, zan sa abin da ka gano."

"Sa. Ki rubuta ashirin da rabi, kada ki ƙara ko giram."

Ya dubi farin wurin da ke bango, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko akwatin katako. Ya buɗe, ya gyara ƙyallen, ya rufe, ya tura shi gabanta a kan tebur. Auta ta janye hannunta kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

"Ɗauki," in ji shi. "Ni idona ya tsaya a bakin murfi, naki ne ya shiga. Amma ko ke kika rubuta abin da hannunki, kada ki yarda da shi sai kin ɗora masa wannan."

Ta ɗauka da hannu biyu. Ya bi akwatin da ido har ta kai ƙofa, sannan ya kira ta.

"Auta. Da ƙyalle fa."