Na Shafe wa Inna Ɗakinta, Ta Rasa Gabas

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku na rayuwarsu. Yau ni ma na ga ya kamata in faɗi nawa, ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai zafin nema, mai son a ce ta yi. Ina sayar da abinci a Kalgo, kusa da inda ɗaliban jami'a ke haya, kuma Allah ya sa wa sana'ar albarka. Mahaifiyata tana gidanmu na gado a Gwandu, tare da ƙanena da matarsa. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma sakin jiki ta yi hira da ni kamar sauran. In za ta ambace ni sai ta ce “ta Kalgo”. Idanunta sun daɗe da tafiya, hawan jinin ido ne ya cinye su a hankali. Amma baƙon da ya shigo gidan ba zai ce ba ta gani ba. Da kanta take ɗaukar buta ta zagaya, ta dawo ta shimfiɗa abin sallarta, ta ɗauko carbinta, ba ta neman hannun kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakinta. Ginin ƙasa ne tun zamanin mahaifinmu, an yi ta yi masa yaɓe bisa yaɓe har bangon ya koma tudu da kwari. Akwai alkuki, wato ɗan ramin nan da ake bari a jikin bango don ajiye fitila, ga turakun itace da aka kafa don rataye kaya, ga wata tsaga da ke zubo ƙasa kan gado duk damina. Ni kuwa kullum ina kai abinci sababbin gidajen Kalgo, in ga bango sumul kamar faranti, in shafa in ji daɗi. Sai wata rana a wurin suna, wata 'yar uwarmu ta ce cikin raha wai ina juya kasuwar Kalgo amma Inna na kwana cikin rumbu. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai dai maganar ta bi ni har gida. Ina son mahaifiyata, wannan ba ƙarya ba ne, amma in zan faɗi gaskiya, rabin abin da ya tunzura ni bakin mutane ne.

Bayan an gama girbi na lallaɓa na ɗauko Inna zuwa Kalgo, na ce ta zo ta huta a duba mata jini. Ban gaya mata komai ba, so nake in ba ta mamaki. Na koma Gwandu na nemo wani magini, dattijo mai sanyin hali. Ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce ginin na da sauran ƙarfi. In ina so zai iya cike tsagar ya sake yaɓe da jar ƙasa da makuba, ɗakin ya zauna yadda yake. In kuwa siminti nake so, sai an kafa ƙusoshi an ja ragar waya, don filasta ba ta kama ƙasa haka kawai, kuma za a iya barinta da kaushi ko a goge ta ta yi santsi. Ban bari ya ƙarasa ba na ce santsi, irin na Kalgo. Na ce a cike alkukin, a cire turakun, a fasa ɗan tudun bakin ƙofa, a zuba siminti a ƙasa maimakon tsohon daɓe. Matar ƙanena, yarinya ce mai kawaici, tana gefe tana tankaɗe. Ta ɗago ta fara cewa ko da an bar wa Inna alkukin nan. Na katse ta, na ce wa ke ajiye fitilar ƙwai a wannan zamani. Ta ci gaba da aikinta.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An kawo yashi mai laushi aka rairaye, magini da mutanensa suka yi ta watsa kwaɓi suna bi da katako suna gogewa. Ƙanena ya riƙa yayyafa wa bangon ruwa safe da yamma don kada ya tsage. Da ya bushe aka bi shi da fenti shuɗi mai sheƙi. Na sayo sabon gado, na sa shi inda na ga ya fi tsari, ba inda tsohon yake ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa mini albarka, ni kuwa kaina ya yi girma.

Ranar da na mayar da ita, tun a bakin ƙofa ƙafarta ta ɗaga tana neman tudun nan, ta sauka a banza, har ta yi tangal-tangal na tare ta. Ta miƙa hannu ta taɓa bangon. Ta bi shi tana shafawa, ta yi gaba, ta dawo, ta sake yin gaba. Ni ina bayanta ina ta zuba, ina gaya mata launin fenti, ina cewa ai ko madubi albarka. Har yau in na tuna cewa makauniya na tsaya ina yi wa bayanin launi, sai in ji kunya ta rufe ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce Allah ya yi albarka, Allah ya sa 'ya'yana su yi mini. Na ɗauka farin ciki ne ya hana ta magana. Na koma Kalgo raina fes.

In na buga waya, ƙanena ya ce lafiya lau. Shi gona da kasuwa suka ɗauke masa hankali, bai san abin da ke faruwa a cikin gida ba. Sai ga matarsa wata rana da hantsi, ta sauko daga mota da goyo a baya, ta same ni ina tsakiyar zuba wa ɗalibai abinci. Ba ta taɓa zuwa wurina ita kaɗai ba. Ta ja ni bayan rumfa ta ce, “Yaya, Inna ta hana ni faɗi, amma in na yi shiru alhaki na kaina. Ɗakin ga zai kashe ta.”

Daga nan ta warware mini komai. Ashe Inna da hannu take ganin ɗakinta. Wani ƙullutu da ke kusa da alkuki shi ke nuna mata gabas. Turakun su ke gaya mata ta kusa ƙofa. Tsagar nan da nake ƙi ita ce alamar kan gadonta. Ko sautin ɗakin ta sani, yanzu kuwa in ta yi magana sai muryar ta dawo mata ta ko'ina. Duk inda ta taɓa iri ɗaya ne, sanyi da santsi. Ta ce wata azahar ta shiga kai mata abinci ta tarar tana salla ta fuskanci arewa. Da Inna ta sallame ta gaya mata, sai tsohuwa ta fashe da kuka, tana tambayar tun yaushe take ba alƙibla gefe, salla nawa ke kanta. Daga ranar ba ta tayar da salla sai an zo an juya ta. Abin da ya fi muni, ta rage shan ruwa, ta daina shan furar da take so, don kada fitsari ya kama ta ta kira wani ya ja ta. Matar da ba ta taɓa neman hannun kowa ba. Jiya da la'asar kuma ta tashi neman ƙofa, ta yi ta zagaye, jiri ya kwashe ta ta faɗi, goshinta ya bugi ƙarfen sabon gadon.

Ban san lokacin da na bar tukwane a hannun mai taya ni aiki ba. Muka kama hanyar Gwandu, ina kuka a mota mutane na ba ni haƙuri ba su san dalili ba. Na tarar da ita a kwance, ta rame, leɓɓanta sun bushe, goshi a kumbure. Muka kai ta asibiti, aka ce jikinta ya bushe saboda rashin ruwa, kuma a shekarunta da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Na zauna bakin gadon na riƙe ƙafarta, ina neman gafara. Ba ta juyo wajena ba, don ba halinta ba ne. Sai ta juya wajen surukarta kamar ba na nan, ta ce, “Ki ce ma ta Kalgo ta bar kuka. Ba ta yi laifi ba. Ɗaki ta yi mai kyau, na masu ido. Ni ce dai ban san shi ba.”

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin a sallame ta na koma wurin maginin, na ce ya zo ya fasa komai, a mayar da ɗakin yadda yake. Ya ce ba zai yiwu ba, ragar ta riga ta kama, in aka ɓamɓare filastar za ta taho da rabin tsohon bangon. Na gaya masa abin da ya faru. Ya cire hula ya riƙe, ya yi salati, ya ce shi ma ya san mai ɗakin ba ta gani, amma wallahi tunaninsa bai kai nan ba. Yana da wani aiki a Kambaza a lokacin, ya roƙi masu shi su yi masa haƙuri, ya ce wannan ya fi gaggawa. Muna ta shawarar abin da za a yi, matar ƙanena ta ce me zai hana a wannan karon a tambayi Inna.

Haka aka yi. Da ta ɗan samu ƙarfi aka shigo da ita, magini na biye da ita da alli a hannu. Aka tsayar da ita a bakin ƙofa, aka gaya mata nan ne ƙofa. Daga nan sai ta fara aunawa da hannunta da ƙafarta, tana cewa nan turken buta yake, nan alkuki, gadon kuma can ya kamata ya koma. Ya sa kurfi, ƙarfen nan na sassaƙa, ya sake haƙo alkukin, sai ga bakin tsohon ramin daidai inda ta nuna. Ya karce fentin a tsayin hannunta, ya ɗora wani siririn layi na shafe mai kaushi, daga gado zuwa ƙofa, ya fita da shi ya bi katanga har bakin bayi. Da ya fara ta taɓa ta ce ya yi laushi da yawa, sai aka kawo yashi mai tsakuwa aka sake kwaɓi. A bangon gabas ya manna ƙullutu kamar curin fura. Aka mayar da turaku, aka sake gina ɗan tudun ƙofa. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙasa, amon nan da ke rikita ta ya ragu. Limamin unguwa kuma ya zo gaishe ta, ya kwantar mata da hankali cewa sallolin da ta yi ba da sani ba babu ramuwa a kanta. A ranar ta shanye kwanon fura.

Ba zan ce komai ya dawo kamar da ba. Faɗuwar nan ta bar mata tsoro, ta daɗe kafin ta yarda ta saki bango ta ratsa tsakar gida. Ɗakin ma a ido ya zama abin dariya, shuɗin fenti da baƙin layin siminti ya ratsa shi, ga ƙullutu a gefe. Baƙi kan tambaya ko magini ne ya ɓata aiki. Amma ranar da na leƙa na gan ta ta shigo da butarta ita kaɗai, ta lalubi bango, ta daidaita tsayuwarta ta yi kabbara, na koma zaure na zauna na yi ta gode wa Allah.

Ina gode masa da ya bar mini ita har na gyara. Ina gode wa yarinyar nan da na raina wa magana, wadda ta karya umarnin surukarta ta hau mota da goyo don ta ceci ranta. Yanzu ba na yanke komai a gidan sai na ji ta bakinta. Ina gode wa maginin da bai ce ai ke kika zaɓa ba. Inna kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba, ita aka cuta, ita ce kuma ke lallashi.

Abin da na koya shi ne, alheri ma yana iya zama cuta in ba a tambayi wanda za a yi wa ba. Na tambayi magini irin yashi, na tambayi mai shago irin fenti, na ji ra'ayin maƙwabta, mutum ɗaya kawai na tsallake, ita ce mai kwana a ɗakin. Ku da Allah ya hore wa kuke son gyara wa tsofaffinku wurin kwana, ku gyara, lada ne. Amma kafin a kwaɓa siminti ku zauna da su. Ku lura da inda suke dafawa in za su tashi, da inda suke rataye kaya, da abin da ƙafarsu ta saba takawa. Kada ku ce za ku ba su mamaki, kuma kada shirunsu ya ruɗe ku, iyayenmu sun gwammace su wahala da su kunyata mu. Siminti in ya bushe ba ya dawowa baya. Ni an ba ni damar gyara, kuma na san ba kowa ake ba ba.